Yarinyar da Ta Warke a Mujalla

Tarin Auta ya dawo ne ranar wata Talata da safe, tana tsaka da saka safa. Malama, uwarta, tana kicin tana zuba shayi a fulas ta jiyo shi, sai hannunta ya tsaya. Ta san tarin nan. Busasshe ne, gajere, yana zuwa uku-uku, a ƙarshensa kuma akwai wata 'yar ƙara kamar ana hura usur ɗin da ya tsage. Shekara huɗu rabonta da jin sa, amma ba ta buƙaci kowa ya tuna mata ba.

A falo kuwa mijinta, Farfesa, yana gaban kwamfuta kamar kullum a wannan lokaci. Likitan yara ne, mai bincike a jami'a, kuma ba ya kurɓar shayi sai ya duba sau nawa masana suka ambaci maƙalunsa a nasu rubuce-rubucen. Akwai shafin da ke ƙirga masa wannan. Ranar da lambar ta ƙaru da ɗaya, gidan zai wuni da fara'a, har mai gadi ya samu gaisuwa. Ranar da ta tsaya, sai a rage ƙarar rediyo, a riƙa ajiye cokali a hankali.

Maƙala saba'in da biyu ya wallafa, amma guda ɗaya ce take ɗauke da gidan. A cikinta ya ba da labarin wata yarinya 'yar shekara biyar mai ciwon asma, wadda aka raba da abin shaƙa aka sa ta hura balan-balan sau uku a rana, ta warke sarai cikin wata shida. Akwai hoton yarinyar, kumatu cike da iska, an ja baƙin layi a idonta don kada a gane ta. Kowa a dangi ya gane ta, don hoton yana rataye a falo cikin firam mai ruwan zinariya, da baƙin layin da komai. Auta ce. Maƙalar nan ce ta ba shi kujerar farfesa, ita ta kai shi taro ƙasashe tara, kuma a safiyar nan an ambace ta sau ɗari uku da goma sha ɗaya.

Malama ta ajiye masa shayi ta ce, "Baban Auta, ka ji tarin nan kuwa?"

Bai ɗago ba. Ya ce ya ji, gyaran murya ce. Ta ce ai akwai ƙara a ƙirjin. Nan ya cire tabarau ya yi mata irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya tambayi abin da aka amsa tun darasin farko.

"Yarinyar nan ta warke," in ji shi. "An wallafa."

Ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa kafin maƙala ta fito sai masana uku da ba su san juna ba sun tantance ta. Bayan su, mutum ɗari uku da goma sha ɗaya sun karanta sun dogara da ita. To, ita Malama, da take koyar da 'yan aji uku lissafi, tana nufin duk sun ɓata ita ce ta gano hanya? Ta ce ita ba ta ce kowa ya ɓata ba, ta dai ce yarinyar tana tari. Ya ce to a ƙara mata balan-balan daga uku zuwa biyar, kuma kada ya sake jin sunan wancan ciwo a gidansa, don yara suna kwaikwayon abin da suke ji.

Malama ta koma kicin. Ita ce ta sa hannu a takardar amincewa shekara huɗu da suka wuce, ita ce ta jefa abin shaƙar a kwandon shara tana murna. A lokacin ciwon ya lafa da gaske. Ko balan-balan ne ya yi aiki, ko tashin da suka yi a watan daga tsohon gidansu mai danshi da funfuna a bango, ba ta taɓa tambaya ba. Shi ma bai sa batun tashin a maƙala ba.

Daga ranar gidan ya cika da balan-balan. Ana tuntuɓe da su a lungu, ana samun su a bayan firji. Auta yarinya ce mai son ta ga ubanta ya yi murmushi, sai ta zauna a bakin gado ta daddage, ta hura har jijiyoyin wuyanta su fito. Farfesa yana auna faɗin kowanne da tef ɗin ɗinki na Malama ya rubuta a littafi. Makon farko suna kai girman kan mutum. Mako na biyu da kyar suke kai girman lemo. Ya ce kamfanin ne ya canja roba, ya sa aka sayo wani iri. Da wannan ma ya ƙi kumbura, ya ce tef ɗin ne ya miƙe don tsufa.

Ajin Auta yana bene na biyu a makarantar da uwarta ke koyarwa. Daga tagar ajinta Malama tana hango ta kowace safiya: ta hau matakala shida ta tsaya, ta dafa ƙarfe, ta yi kamar tana gyara igiyar takalmi har sauran yara su wuce. Takalmin ba shi da igiya. Malamin wasanni ya cire ta daga gudu. Shugabar makaranta ta kira Malama ofis ta ce lallai yarinyar nan ta ga likita, sai kuma ta tuna ko 'yar waye, ta yi dariya ta ba da haƙuri, ta ce ita ce da shisshigi, ai likitan yana gida.

Malama ta shiga ɗakin Inna, uwar mijinta, wadda ke zaune tare da su. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, da dai kun yi masa magana. Ku yana jin maganarku."

Inna ba ta karatu, amma ta haddace lambar, kullum sai ta aika a tambayo mata ita. Ta ce wane yaro ne ba ya tari? Shi kansa Farfesa ya yi tari har ya shekara goma, ga shi yau duniya tana ambaton sunansa. Ta ce akwai mahassada a wurin aikinsa da ba abin da suke jira irin su ji an ce 'yar maƙala ta kwanta, shin Malama so take ta dafa musu ta kai musu har gida? Ta ce ita nata ƙoƙarin take yi, duk baƙon da ya shigo sai ta ambaci sunan ɗanta aƙalla sau biyar, amma ta lura na'urar ba ta sa nata a lissafi, ko Malama za ta duba mata dalili.

Ranar Asabar ta tafi kemis ɗin yayanta. Ya saurare ta, ya girgiza kai, ya miƙa hannu ya ɗauko abin shaƙa daga kanta. Ya juya shi a hannu sau biyu, ya mayar. Ya ce doka ta ce sai da takardar likita, kuma wane likita ne zai rubuta wa 'yar Farfesa abin da Farfesa ya hana? Ya tuna mata cewa surukin nasu yana cikin kwamitin da ke duba shaguna irin nasa. Ya ce aure sai da haƙuri, kuma mutum mai ilimi haka ba zai cuci 'yarsa ba. Ya ƙulla mata alawar tari a leda. Tana fita ta ga kwali a gefen maganin tari, cike da balan-balan, an liƙa masa yankin jarida mai hoton mijinta.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta ta yi ƙundunbala, ta ɗauki Auta suka nufi babban asibiti. Matashin likitan da ya karɓi katin yana ganin sunan uba ya miƙe tsaye. Ya ba su kujera, ya aika a kawo musu ruwan sanyi, kafin Malama ta buɗe baki ya buga waya sama ya sanar da malaminsa Farfesa cewa iyalinsa sun kawo ziyara. Farfesa ya sauko da murmushi, ya shafa kan Auta, ya ce wa ɗalibansa su gaishe ta, wannan ita ce yarinyar shafi na huɗu na maƙalarsa. Suka tafa. Ya raka su mota da kansa.

Sai da ya rufe ƙofa murmushin ya ɗauke. Ya tambaye ta ko ta san abin da ta kusa yi. Ya ce akwai ƙasashen da abin shaƙa ba ya isa, dubban yara a can da dabararsa suka dogara, idan jita-jita ta fita likitoci suka daina amfani da ita, alhakin yaran nan a wuyan wa? Ya ce son kai ne mutum ya dubi ɗansa ɗaya ya manta da na duniya. Auta tana kujerar baya, ƙirjinta yana busa a hankali, ya ƙara ƙarar rediyo.

A makon ne jami'a ta sanar cewa za ta ba shi lambar yabo ta wanda aka fi ambato, kuma 'yan talabijin za su zo gida ranar Alhamis su ɗauki hira. Farfesa ya dubi bangon falo ya ce ba zai shiga hoto haka ba. Aka kawo masu fenti, aka shimfiɗa sabon kafet mai gashi. Wari ya cika gidan har abinci yana ɗanɗanon fenti. Malama ta buɗe tagogi, ya sa aka rufe don kada ƙura ta manne a bango. Auta ta daina kwanciya, sai dai a jera mata filo uku ta jingina. Ta daina dariya don dariya tana tayar da tarin. Magana ma ta koma yi guntu-guntu, kalma biyu ta huta, kalma biyu ta huta. Inna ta ce yarinya ta fara hankali, ta rage surutu.

Ranar Laraba da yamma Malama ta ɗauko abin sauraren ƙirjinsa daga jaka ta ajiye masa a kan kwamfuta. Ta ce ba ta roƙi komai ba, ya saurara kawai. Ya tashi da tsaki ya shiga ɗakin yarinyar, ya ɗora abin a bayanta. Malama tana tsaye a bakin ƙofa ta ga fuskarsa. Ya ji. Shekara ashirin yana sauraren ƙirjin yara, babu yadda za a yi bai ji ba. Ya daɗe a durƙushe, hannunsa ɗaya a kan kafaɗar 'yarsa, har Malama ta fara jin sanyi a ranta. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba. An ƙara ambato ɗaya.

Ya miƙe yana naɗe robar abin, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Bari Alhamis ta wuce," in ji shi.

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Alhamis suka zo, mai gabatarwa da mai kyamara da fitilu biyu masu zafi. An sa wa Auta farar riga mai leshi, an zaunar da ita ƙarƙashin hotonta. Shirin shi ne Farfesa ya yi bayani, sannan ya bayyana wa duniya cewa yarinyar nan mai baƙin layi 'yarsa ce ta cikinsa, ita kuma ta hura balan-balan ja a gaban kyamara. Inna ta sha ado ta zauna a gefe. Malama aka ce ta tsaya bayan fitila don kayanta ba su dace da launin bango ba.

Farfesa ya yi bayani mai kyau. Ya ce duk binciken da bai fara daga gida ba, ba bincike ba ne. Aka miƙa wa Auta balan-balan. Ta sa a baki ta hura, bai motsa ba. Ta sake, kafaɗunta suna hawa suna sauka, ramin wuyanta yana lotsawa ciki. Mai kyamara ya ce a sake ɗauka. Mai gabatarwa ta ce kunya ce, yara haka suke in sun ga fitila. Farfesa ya karɓa ya hura da kansa, ya ɗaure, ya sa mata a hannu, ya ce a ɗauka daga nan, sai a haɗa daga baya. Balan-balan ɗin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Mai kyamara ya ce a ɗan shafa mata jan baki, leɓenta yana fitowa toka-toka a hoto.

Auta ta juyo tana neman uwarta a bayan hasken. "Umma," ta ce. Ta huta. "Iska."

Malama ta ratsa tsakanin fitilun, ta taka wayar wuta, fitila ɗaya ta mutu. Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, 'yar shekara tara, ƙafafu suna reto har gwiwarta. Mai gabatarwa ta ce mata ta shiga hoto. Inna ta kira ta da kakkausar murya. Farfesa ya sha gabanta, ya yi ƙasa da murya don kada makirufo ya ɗauka, ya ce minti biyar kawai ya rage, ta yi wa Allah ta bari a gama. Ta ce ya matsa. Ba ta taɓa yi masa magana da wannan muryar ba, shi ma bai taɓa jin ta ba, sai ya matsa.

A titi ta tare tasi. Direban ya ce babban asibiti? Ta ce a'a, ya kai ta ƙaramin asibitin nan na bayan kasuwa, inda ba wanda ya san kowa. A wurin yankan kati ta ba da sunan yarinyar ta haɗa da sunan ubanta ita Malama. Nas ɗin ba ta ma gama rubutawa ba ta ajiye biro ta kwashi Auta da gudu. Aka sa mata robar iska a hanci da baki, aka yi mata allura, aka kunna na'urar da ke fesa magani. Malama ta zauna a ƙasa riƙe da ƙafar 'yarta. Sai da awa guda ta wuce leɓen ya fara dawowa launinsa.

Likitar wurin dattijuwa ce, ta haura hamsin, takalminta ya cinye ta gefe ɗaya. Ta kira Malama ɗan ofishinta ta ce da an ƙara rabin awa da ba wannan maganar suke yi ba. Ta tambayi ina abin shaƙar yarinyar. Malama ta ce shekara huɗu ke nan ba ta da shi. Wa ya hana? Ubanta. Likitar ta yi ajiyar zuciya ta ce matsalarsu ke nan da iyaye maza marasa ilimi, kowa ya ji magana a bakin titi sai ya mai da kansa likita. Ta rubuta magunguna. Sannan ta ce akwai wata dabara da za ta taimaka nan gaba, don su a nan abin shaƙa yakan yanke musu wata da watanni. Bincike ne na wani babban masani, an ambace shi sau ɗaruruwa. Ta juyo da fuskar kwamfutarta. Ga kumatu cike da iska, ga baƙin layi.

Malama ta daɗe tana kallon hoton. Dariya ta taso mata, ta danne, sai ta fito da hawaye.

"Likita," ta ce, "ki duba haɓar yarinyar hoton nan, akwai tabo. Ki je ki ɗaga labulen can ki duba haɓar tawa."

Likitar ta tashi ta je. Da ta dawo ba ta zauna ba. Ta jawo durowar teburinta, cike take da balan-balan kala-kala. Ta ce shekara uku tana raba wa iyaye su. Ta ce akwai yaran da ba a sake kawowa ba, ita kuma ta rubuta a fayil ɗinsu cewa sun warke. Ta tsaya tana kallon durowar, sannan ta zare ta gaba ɗaya ta juye a kwandon shara.

Kwana shida Auta ta yi a gadon. Rana ta uku Farfesa ya zo da baƙin tabarau, ya ajiye mota nesa ya ƙaraso da ƙafa. Ya kawo ayaba da lemo. Ya zauna ya cire tabarau, ya riƙe hannun 'yarsa, idonsa ya yi ja, ya ce mata ta yi ƙoƙari ƙwarai. Auta ta ba shi haƙuri da ta ɓata masa hira. Ya ce ba komai, an haɗa da tsohon hoto. Da zai tafi ya tsaya wurin likitar ya nemi kwafin duk awon da aka yi wa yarinyar, ya ce bayanai ne masu daraja, kada su salwanta.

A gida Inna ta daina amsa gaisuwar Malama, ta ce matar da ta tona asirin mijinta a gaban 'yan talabijin ba ta da abin faɗa mata. Yaya mai kemis ya kawo abin shaƙa har guda uku, ya ce ita ma da laifinta, da ta faɗa masa abin ya kai haka ai da bai tsaya wata takarda ba. Shugabar makaranta ta ce ita fa tun farko ta faɗa.

Likitar ta rubuta wa mujallar wasiƙa cewa yarinyar maƙalar ba ta warke ba, aka buga. Mako guda Farfesa bai yi magana da kowa ba, shayi ma a tsaye yake sha. Sai wani masani ya rubuta yana goyon bayan likitar, wani ya rubuta yana sukar ta, wasu huɗu suka haɗu suka yi sharhi a kan rigimar. Kowannensu dole ya ambaci maƙalar da ake rigima a kai, kuma shafin nan ba ya bambanta yabo da suka. Cikin wata biyu lambar ta haye ɗari huɗu. Mai gadi ya koma samun gaisuwa. Aka gayyaci Farfesa taro ya yi magana a kan darussan da ya koya.

Wata Lahadi da hantsi ya miƙo wa Malama takardu, ya ce sabuwar maƙala ce a kan dawowar ciwon, ta duba masa kurakuran rubutu tunda idonta yana da kaifi. Ta ɗauki jan biro ta zauna a teburin cin abinci. A shafi na uku ta iske jimlar: ciwon ya dawo ne sakamakon sakacin uwar yarinyar, wadda ƙarancin iliminta na kimiyya ya hana ta bin ƙa'idar yadda ya kamata. Ta karanta sau biyu. Babu kuskuren rubutu ko ɗaya a ciki.

Ta kai masa ta ɗora yatsa a wurin. Ya ce kada ta ɗauka da zafi, yaren mujallu ne, haka ake rubutawa. Dole a samu dalili, in ba haka ba masu tantancewa za su dawo da ita. Kuma ai bai sa sunanta ba.

A ranar ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Auta. Ta yago takarda daga littafin darasi ta rubuta shafi biyu: gidan danshi da suka bari, tef ɗin ɗinki, matakalar makaranta, fenti, ranar Laraba da ranar Alhamis. Ta rubuta har da nata, cewa ita ta jefar da abin shaƙar kuma ta yi wata guda tana neman izini alhali ƙofa a buɗe take. Likitar ta buga mata a kwamfuta ta aika wa mujallar.

Amsa ta zo bayan mako uku, cike da ladabi. Sun gode. Kafin su duba, suna buƙatar sunan cibiyar binciken da take aiki, da jerin abubuwan da ta taɓa wallafawa, kuma wajibi ne ta ambaci maƙalar da take magana a kai da cikakken bayaninta a ƙarshen wasiƙa. Farfesa ya samu labari. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da fara'arsa, ya ce shi ba mai riƙo ba ne, zai taimaka mata. Ya ma rubuto mata yadda ake jera ambaton, ya ƙara da wasu maƙalunsa huɗu da ya ce suna da alaƙa da batun, in ta sa su wasiƙar za ta fi nauyi.

Malama ta karɓi takardar ta ninke ta mayar masa a aljihun riga. Ta ce ya samu ɗari huɗu daga mutanen da ba su taɓa jin tarin yarinyar nan ba, amma daga hannunta ko ɗaya ba zai samu ba.

Wasiƙarta ba ta fito a mujalla ba. Tasa ta fito, har an fara ambatonta. Ba wanda ya tuhume shi, don duk wanda ya isa ya tuhume shi ko ɗalibinsa ne, ko abokin rubutunsa, ko mai jiran ya sa masa hannu a wata takarda. Auta ta koma makaranta da abin shaƙa a aljihun da uwarta ta ɗinka mata a cikin riga. Tana hawa bene ba tsayawa, amma gudu sai dai ta kalli wasu suna yi, likitar ta ce sai a hankali.

Ranar da Malama ta mai da Auta asibitin a sake dubawa, ta tarar likitar ta liƙa shafukan nan biyu na wasiƙarta a ƙofar ɗakin jira, daidai inda mata ke yin layi. Wata mai jan mayafi tana karantawa a bayyane, tana bin layi da yatsa, sauran suna saurare da yara a cinya. Malama ta zauna a ƙarshen benci. Da aka kai wurin matakala, wata mata da ke riƙe da yarinya mai numfashi sama-sama ta katse karatun, ta tambayi nas wane likita ne ya rubuta wannan.

Nas ta ce ba likita ba ce, uwar yarinyar ce.

"To," in ji matar, "ita ai ta sani."

Ta gyara wa 'yarta zama a kafaɗa, ta tashi ta nufi ƙofar likita tun ba a kira ta ba.